Sadakar Jidda

Allura na bakinta, rigar amarya na kan cinyarta, Maijidda ta sake duba wayar. Mai sayar da tikitin ya amsa. Riyal dubu ɗaya da ɗari biyar kowane guda, in ji shi, kuma ta yi sauri don akwai mutane a bayanta.

Ta zare allurar ta soke a bakin mayafinta, ta rubuta masa da Larabci: "Jiya fa dubu da ɗari biyu ka ce."

"Jiya ta wuce," ya amsa.

Ta ja tsaki mai tsawo, har sauran matan da ke shagon suka ɗago kai. Shagon ɗinkin mata ne a unguwar Rusaifa da ke Makka, shekararta tara a cikinsa tana jera duwatsu a rigunan amare, kuma ba ta taɓa zaton akwai ranar da za ta zauna tana ciniki da ɗan kasuwar bayan fage a kan kiɗa ba. Kiɗan ma ba wani na kirki ba. Wasu Turawa ne masu dogon gashi da jita, za su yi wasa gobe Juma'a a babban filin ƙwallo na Jidda. Ranar da 'yarta Nora ta kunna mata waƙarsu, ita dai ba ta ji bambancinta da layin masu walda na unguwar Zahir ba. Amma yarinyar ta zo ta ɗaya a ajinsu, uwar kuwa cikin murna ta yi suɓul da baka ta ce ta faɗi duk abin da take so. Alkawari kaya ne.

Ranar da aka buɗe sayarwa, ita da Nora suka zauna da waya biyu tun kafin lokaci ya yi. Tikiti riyal ɗari uku da hamsin. Cikin minti shida shafin ya ce sun ƙare. Fili mai cin dubban mutane, wai minti shida! Kafin la'asar sai ga tikitin nan sun cika intanet a hannun mutanen da ko sunan mawaƙan ba su iya faɗa ba, kowa da kuɗin da zuciyarsa ta yanka masa. Mako uku ke nan tana bin su ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ta taɓa sai ta ji kamar ta wanke hannu.

"Turo min shaida tukuna," ta rubuta. "Ban yarda da kai ba."

Ya turo hoton takardar saye. Ta buɗa shi da yatsu biyu. Kujeru huɗu, ɓangaren iyali. Sai idonta ya sauka kan sunan mai saye.

Salihu Dawuda Umaru.

Ta ce a ranta masu irin wannan suna ai ba su ƙirguwa a Makka. Sai ta duba ƙasan sunan, inda aka bar lambobi huɗu na ƙarshen iƙama, wato katin zama na baƙi. Lambobin nan ko daga barci aka tashe ta za ta karanto su, domin ita ce ke sabunta wa mahaifinta katin duk shekara.

Malam Salihu shekararsa saba'in da shida, hamsin daga ciki a Makka ya yi su. Da ƙarfinsa ɗaukar tsofaffi yake yi a ka yana musu ɗawafi, daga baya ya koma tura keke tsakanin Safa da Marwa, har gwiwa ta ƙi, ido ma ya bi ta. Yanzu ba ya ganin komai sai haske da duhu. Mutumin da ko a rediyo aka sako kiɗa sai ya sa an kashe, shi ne wai ya sayi kujera huɗu don ya je ya ga Turawa suna kaɗa gashi. Burinsa a duniya guda ne, kuma kowa a gidan ya haddace shi: ya mutu a Makka, a yi masa salla a Harami, a rufe shi a nan. Can Kano babu wanda ya rage da zai gane fuskarsa. Shi ya sa iƙamar nan kullum tana naɗe a farin ƙyalle cikin aljihun ƙirjinsa, ko alwala zai yi sai ya shafa ya ji tana nan.

Sai a lokacin ta tuna maganar da ya yi mata da safe, da ta biya ta kai masa koko. "Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa ta ci, "yau ma wani attajiri zai raba sadaka a Jidda. Fahad zai zo ya kai ni bayan azahar." Har ta ji daɗi, ta ce ga ƙanenta ya fara tuna yana da uba. Ashe ruwa ba ya tsami banza.

Ta danna lambar mai tikitin ta kira. Sau biyu ta yi ƙara aka ɗauka.

"Hala, min ma'aya? Da wa nake magana?" wata murya ta ce cikin yanga.

Muryar Fahad ce, yaron da ta goya. Ta kashe wayar, ta ninke rigar amaryar, ta zura abayarta, ta ce wa mai shagon ciwo ya taso a gida. Ba ƙarya ta yi ba.

Ana fitowa daga sallar azahar tasi ta sauke ta a Mansur, unguwar mahaifinta. Rana ta take, hayaƙin masu tsire ya cika layin. Ba ta sha wahalar nema ba. Farar bas ce doguwa irin wadda ake ɗibar masu Umra, tana tsaye bayan masallaci, ana tallabar tsofaffi suna hawa ɗaya bayan ɗaya. A bakin ƙofa Rabi'u ne da takarda a hannu yana kiran suna. Rabi'u mu'aƙƙib ne, mai bi wa mutane takardunsu a ofisoshi, kuma babu tsohon unguwar nan da hoton iƙamarsa ba ya cikin durowar shagonsa. Shekara da shekaru ana miƙa masa amana da hannu biyu, ana bin sa da godiya.

Fahad na gefe, waya biyu a hannu, farar jallabiya ta sha guga, tabarau a goshi. Shi ne autansu, ɗan shekara ashirin da takwas, haifaffen Makka, Hausarsa ba ta tsayawa da ƙafarta sai ya tokare ta da Larabci. Da ya hango ta ya ɗan daburce, sannan ya gyara fuska.

"Yaya! Esh jabik? Me ya fito da ke cikin ranar nan?"

Ta ɗaga masa wayar, hoton na buɗe. "Dubu da ɗari biyar ka ce, ko? To ga ni na zo da kaina."

Ya kalli hoton, ya kalle ta. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne dariyar da ya yi.

"Wallah ke ce? Ai da kin faɗa min tun farko. Don Nora? Halas, shi ke nan, na bar miki a dubu."

"A dubu," ta maimaita a hankali. "Sunan ubana za ka yi min ragi a kai. Allah wadaranka, Fahad."

"Rage murya mana, fi nas, mutane na ji."

Ya ja ta inuwar wani shago ya shiga yi mata bayani, yana yi yana hura hanci kamar wanda ya gano maganin ciwon suga. Kowace iƙama tikiti huɗu kawai ake sayar mata. To Rabi'u yana da hotunan iƙamomi cike da durowa, na mutanen da ba za su taɓa neman tikiti ba har su koma ga Allah. Da lambobinsu suka saya. Sai masu shirya wasan suka fito da dabara don su karya 'yan bayan fage: ba a shiga fili sai da munduwar roba a hannu, munduwar kuwa ba a bayar da ita sai mai sunan ya zo taga da ƙafarsa, da katinsa na asali, kwana ɗaya kafin wasa. Da yawa cikin 'yan kasuwar nan suka tashi a tutar babu. Su kuwa sai suka ɗauko bas.

"Kuma kowa yana samu," in ji Fahad. "Kwalin shinkafa buhari da rabin kaza, da riyal hamsin a ambulan. Su sha iska, su ga teku. Wallah sadaka ce, ya Yaya."

"Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi," ta ce. "To in aka kama wanda ka sayar wa, aka duba munduwar, sunan wa zai fito a na'ura? Naka?"

"Ma yisir shai. Babu abin da zai faru."

"Na ce sunan wa zai fito?"

Ya kau da kai yana latsa waya.

"Tun makon jiya ake cewa za a hukunta masu sayar da tikiti a bayan fage. Kai ka fi ni sanin abin da ke samun baƙo in aka rubuta laifi a sunansa. Saura wata biyu iƙamar Baba ta ƙare. In na je sabuntawa aka ce akwai matsala, ina za ka kai shi? Kano? Wa zai karɓi makaho ɗan shekara saba'in da shida a can?"

Rabi'u ya matso yana murmushi, carbi na lilo a hannunsa. "Hajiya Maijidda, lafiya dai? Malam ai ubanmu ne gaba ɗaya. Mu da muke so mu ga bayin Allah sun samu ɗan abin sawa a baka."

Ta dube shi tun daga takalmi har hula. Turaren da ya fesa ya haɗu da hayaƙin bas ya cika wurin. Mutumin nan shi ya bi musu takardun jana'izar mahaifiyarsu, har da hawayensa a Harami. Ta so ta tambaye shi ko marigayiyar ma ta sayi nata huɗun, sai ta ji tsoron amsar. Ta raɓa ta gefensa ta kama ƙarfen ƙofa.

"Yaya," Fahad ya ce a bayanta, murya ƙasa-ƙasa, "don Allah kar ki tona min asiri a gabansa."

Ba ta waiwaya ba.

Cikin bas ɗin sanyi ne da ƙamshin turaren wuta da man zafi. Mutum ashirin da wani abu, maza a gaba mata a baya, kowa ya sha kayan Juma'arsa tun ranar Alhamis. Har da Malam Mukhtaru, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar tun bara. An jingine shi da filo a jikin taga, yawu na bin gefen bakinsa, an manne masa aljihu da fil don kada katinsa ya zame. Wato sai da mutum biyu suka cicciɓo bawan Allahn nan daga shimfiɗarsa saboda munduwa huɗu. Can baya kuma Ɗaso, tsohuwar da ke sayar da gyaɗa a ƙofar masallaci, ita ke jan addu'a.

"Allah ya ƙara wa attajirin nan buɗi!"

"Amin!"

"Allah ya sa ya gama da duniya lafiya!"

"Amin, ya Rabbi!"

Mahaifinta na kujera ta uku, jikin taga, cikin farar rigar da ta ɗinka masa da ƙaramar Salla. Kujerar gefensa babu kowa, ya gitta sandarsa a kai.

"Baba."

"Uwata?" Ya juyo da fuska wajen muryar. "Ke ma sadakar za ki?"

Ta kai hannu za ta ɗauke sandar ta zauna, ya danne ta da tafinsa. "Wurin Fahad ne."

Sai ta durƙusa a tsakanin kujeru, ta kai bakinta kusa da kunnensa. "Baba, tashi mu tafi gida. Babu wani attajiri, babu sadaka. Tikitin kiɗa Fahad ya saya da sunanka yana sayarwa. Kai ka zai yi ka karɓo masa."

Ta jira ya yi salati, ta jira jikinsa ya ɗauki rawa. Har ta shirya hannun da za ta tare shi. Shi kuwa ya ci gaba da jan carbinsa.

"Na sani," ya ce.

"Ka sani?"

"Ido na rasa, Uwata, ba kunne ba. Wancan karon da aka kai mu, muna kan layi ina jin suna gwada gangunansu, ƙasa har rawa take. Yarinyar da ke taga ta miƙo min abin ta ce, ya ammi, wai kawu, Allah ya sa ka ji daɗin wasan. Wane attajiri ne ke raba sadaka da ganga?"

"To su waɗannan fa? Bari in faɗa musu."

Ya kamo wuyan hannunta. "Na faɗa musu a masallaci tun ranar da muka dawo. Duk wanda ya hau yau da ƙafarsa, da saninsa ya hau. Ɗaso ma ta sani. Rabin kaza ba abin wasa ba ne ga wanda ba shi da mai kawo masa."

Daga baya aka sake amsawa da amin mai ƙarfi. Mota guda cike da tsofaffi suna yi wa attajirin da babu shi addu'a, sun san babu shi, masu motar na waje suna ganin sun yi wayo. Ƙyamar abin ta kama Maijidda har ba ta san a kan wa za ta sauke ta ba.

"Amma kai Baba, me ka rasa? Safe da yamma ina kawo maka abinci. Kaza kake so? Ai sai ka faɗa min."

Ya shafa sandar da ke kan kujerar.

"Daga nan zuwa Jidda awa ɗaya ne da wani abu," ya ce. "Wancan karon a nan Fahad ya zauna. Ya ɓare min lemo. Yana ba ni labarin hanya, nan gada ce Baba, nan raƙuma ne. Da za mu sauka ya riƙe min hannu, da za mu hau ya riƙe. Rabon da ya zauna kusa da ni haka tun rasuwar uwarku, shekara huɗu ke nan. Da Salla ma a tsaye yake gaishe ni, waya na kunnensa." Ya ɗan murmusa. "Na san ba ni yake riƙewa ba, katin yake riƙewa. Amma dai hannun nawa ne."

Hawaye ya zo mata, na tausayi da na haushi a haɗe. Ta goge da bakin mayafi, allurar da ta manta ta soke a wurin ta karce ta a kumatu.

"Baba, ba kunyar kaɗai ba ce. Abin da suke yi laifi ne a wurin hukuma, kuma sunanka ne a rubuce, ba nasa ba. In aka kama ko mutum ɗaya da munduwar da ka karɓa, kai za a nema. Ga sabuntawa saura wata biyu."

Carbin ya tsaya.

"Za su iya hana ni?"

"Za su iya."

"Su mayar da ni?"

"Ban sani ba, Baba. Amma za su iya."

Direba ya tayar da inji, kujerun suka ɗauki karkarwa.

"Shi Fahad ya san haka?"

Ta waiwaya wajen ƙofa, inda Fahad yake tsaye. Tsohon ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka ba amsa da babbar murya.

Ya ja mayafin kafaɗarsa ya rufe hannuwansa, ya zaro farin ƙyallen daga aljihun ƙirji ya warware a kan cinya. Kati biyu ne a ciki: na asali, da hotonsa da aka liƙe a leda, irin wanda kowane tsoho a Mansur ke ajiyewa saboda tsaro. Ya shafa su da babban yatsa, ya zaɓi mai kaurin, ya tura mata a tafin hannu. Ɗayan ya naɗe shi tsaf ya mayar aljihu, ya daddanna.

"Sa a jakarki. A shingen hanya hoton ya ishe ni, ba mai wahalar da makaho. Amma can taga sai na asali."

"To ka sauka mana, tunda ba za su ba ka komai ba."

"A'a. Fahad ba zai sani ba sai mun isa."

"In ya gane fa? Zai yi fushi, Baba. Ka san halinsa."

"Zai yi," ya ce. "Amma zuwa dai na samu. Dawowa kuma ko bai yi min magana ba, motar guda ce." Ya sake gyara sandar a kan kujerar. "Je ki, Uwata. Ki ce masa ya zo, rana na yi."

Ta miƙe. Da ta zo wucewa ta tsaya ta goge wa Malam Mukhtaru baki da gefen filonsa, sannan ta sauka.

Fahad na bakin ƙofa yana cizon farce. "Esh gal? Me ya ce?"

"Ya ce ka je ka zauna. Ya ajiye maka wuri."

Ya sauke ajiyar zuciya, fuskarsa ta washe. "Shufti? Kin gani? Ba na faɗa miki ba? Baba ba shi da matsala. Na Nora kuma ki kawo ɗari takwas kawai, don ke ce."

"Riƙe abinka," ta ce.

Ya ɗaga kafaɗa ya haye da gudu. Rabi'u ya ninke takardarsa ya bi shi, ya ja ƙofa ya rufe.

Ta tsaya a cikin rana da hayaƙin tsire tana kallon bas ɗin tana juya kai. Wayarta ta yi ƙara. Nora ce: "Mama, an samu?" Ta rubuta mata, "Babu," ta tura.

Da motar ta zo daidai inda take, ta hango su ta taga. Tsohon ya ɗauke sandarsa, Fahad ya zauna, ya gyara masa hula, ya kamo hannunsa ya ɗora a kan cinyarsa. Malam Salihu ya juya fuska wajen ɗansa yana murmushi, yana faɗa masa wata magana, har bas ɗin ta sha kwana ta ɓace.

Ta sa hannu a jaka ta taɓa katin. Har yanzu da ɗumin ƙirjinsa a jiki.